AMSOSHIN WASIƘUNKU: Me Ke Sa Yaro Ya Ƙi Magana, Ya Ƙi Shiga Cikin Yara?

Kamar yadda muka saba, abin da muka amsa a rediyo shi muke kawo muku a rubuce, domin wanda shirin ya wuce shi yana gona ko yana kasuwa ya samu a karanta masa, ya kuma adana.

A wannan mako wasiƙu huɗu muka haɗa wuri guda, don duk abu ɗaya suke tambaya. Ba za mu ambaci sunan kowa ba, saboda magana ce ta cikin gida.

Ta farko ta fito ne daga wani manomi a ƙaramar hukumar Kirikasamma. Ya ce yana da yaro ɗan shekara huɗu, ƙosasshe, yana ci yana sha yana guje-guje, amma ba ya magana. Da yana shekara ɗaya da rabi ya fara kiran Baba da Inna, sai bayan yaye kalmomin suka ɗauke. In an kira sunansa ba ya waiwayowa, amma da an tayar da injin ban ruwa sai ya toshe kunnuwa yana ihu. Ba ya haɗa ido da mutum, ba ya wasa da yara, yini yake yana jera marafan kwalba, ko ya sulale ya je bakin ruwa ya zauna yana kallo. Mahaifiyar manomin ta ce ɗan ruwa ne, wai matarsa ta riƙa zuwa wanki bakin kogi da tsakar rana tana da ciki, aljanu suka musanya mata. Ya sayar da buhu shida na shinkafa da akuya biyu wajen neman magani, shiru. Yanzu dangi sun matsa masa ya sallami matar. Shi ne yake tambaya: me ke kawo wannan abu, kuma laifinta ne?

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa, Allah ya ba yaro lafiya. Bari in fara ba ka amsar a taƙaice kafin bayani: kada ka saki mai ɗakinka a kan wannan. Ba ta da laifi.

MECE CE WANNAN LALURA?

Ni malamin makaranta ne da ya komo aikin rediyo, kuma ko likita ba ya yanke hukunci a kan yaro ta wasiƙa, sai ya gan shi. Amma alamomin da ka lissafa sun yi kama ƙwarai da lalurar da likitoci ke kira otizim, wadda kafofin labarai na Hausa kan ce wa galahanga. Sai dai a lura, mu Hausawa mukan tara yara iri-iri mu ba su suna ɗaya: kurma, da wanda sanƙarau ya taɓa, da mai shanyewar jiki, da wannan, duk mu ce gaula ko ɗan ruwa. Ba ɗaya ba ne, kuma kulawar kowanne daban ce.

Otizim lalura ce ta yadda ƙwaƙwalwa ta ginu. Alamunta biyu ne manya. Na farko, wahalar hulɗa da mutane: magana, haɗa ido, nuna abu da yatsa, wasa da tsara. Na biyu, maimaita abu ɗaya da ƙin canji: kaɗa hannu, jujjuyawa, jera abubuwa, cin abinci iri ɗaya, tsananin jin ƙara ko wari. Tana da hawa-hawa. Wani ba zai yi magana ba har girmansa, wani kuwa zai yi karatu har jami'a, sai dai a ce ba shi da sakin jiki da mutane. An fi ganinta ga maza, wajen ninki uku zuwa huɗu na mata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum ɗaya cikin 127 a duniya yana da ita. Ke nan garin da ke da mutum dubu biyu ko uku, da wuya a rasa su.

Wani likita mai suna Leo Kanner a birnin Baltimore na Amurka shi ya fitar da bayaninta a 1943, bayan ya duba yara 11. Wasu sukan ce ciwon Turawa ne. A'a. Tun a 1978 wani mai bincike, Victor Lotter, ya ba da rahoton samun irin waɗannan yara a ƙasashen Afirka da ya zagaya, har da Nijeriya. Suna cikinmu tun kaka da kakanni, sunan ne kawai ba mu ba su daidai ba.

BABBAN DALILI: ƘWAYOYIN HALITTA

Malam, kai manomi ne, ka san iri. Abin da shinkafa za ta zama, doguwa ko gajera, mai saurin nuna ko mai daɗewa, yana cikin ƙwayar tun ba a yafa ta ba. Haka ɗan Adam. Kowane yaro yana ɗauke da ƙwayoyin halitta da ya gada, rabi daga uba, rabi daga uwa, su ne ke tsara launinsa da tsawonsa da yadda ƙwaƙwalwarsa za ta ginu tun yana ciki.

Yaya aka yi aka gane cewa nan ne tushen otizim? Ta hanyar tagwaye. A 1977 wasu likitoci biyu a Ingila, Susan Folstein da Michael Rutter, suka nemo tagwaye 21 waɗanda aƙalla ɗaya a cikinsu yana da lalurar. A cikin tagwaye 11 masu kama ɗaya sak, watau na ƙwai ɗaya, an sami huɗu da Hassan da Husaini duk suna da ita. A cikin tagwaye 10 marasa kama ɗaya kuwa, ba a sami ko ɗaya da ta kama duka biyun ba. To ka ga dukkansu ciki ɗaya suka kwanta, nono ɗaya suka sha, uwa ɗaya ta rene su. Abin da ya bambanta su shi ne yawan ƙwayoyin halittar da suka yi tarayya a kai.

Daga baya aka yi ta maimaita irin wannan bincike. A 2019 aka buga wani babba da ya duba yara fiye da miliyan biyu a ƙasashe biyar, ya nuna cewa wajen kashi 80 cikin 100 na abin da ke sa wani yaro ya samu wani bai samu ba, daga ƙwayoyin gado yake. A 2020 kuma masana suka lissafa ƙwayoyin halitta 102 da ke da hannu a ciki, kuma tun daga nan lissafin ƙaruwa yake yi.

Za ka ce, to ai ni da ita lafiyarmu ƙalau, kuma babu mai irin wannan a danginmu. Haka ne, kuma akwai dalili biyu. Na ɗaya, mu mutanen wannan kwari mun san ambaliya ba ruwan kwana ɗaya ke kawo ta ba. Sai damina ta yi ƙarfi a Kano, a saki ruwa daga madatsar Tiga da ta Challawa, kacala ta toshe hanyar ruwa a nan ƙasa, jinga ta yi rauni, sa'an nan kogi ya shiga gari. Kowanne shi kaɗai ba ya cin gona. To haka ƙwayoyin nan suke. Ƙanana ne masu yawa, kowa yana ɗauke da wasu ba su dame shi ba. Sai na uba da na uwa su taru a kan yaro ɗaya su haura jinga, 'yan'uwansa kuwa ba su taru a kansu haka ba. Na biyu, wani lokaci sabon canji ne ke aukuwa a cikin maniyyin uba ko ƙwan uwa a daidai wannan cikin kaɗai, wanda babu shi a jikin kowa a dangi.

Don haka in ma laifi ake nema, to rabonku ɗaya da ita. Gaskiyar magana kuwa babu mai laifi, don babu wanda ya zaɓi abin da zai gadar wa ɗansa. Kuma sake aure ba ya ba ka tabbacin komai, tun da naka rabin yana tare da kai duk inda ka je.

Abu ɗaya da ya kamata ku sani: gidan da aka sami yaro ɗaya, ƙannensa sun fi sauran yara yiwuwar samu. Binciken da aka buga a 2011, aka sake a 2024, ya nuna wajen ɗaya cikin biyar. Ma'ana huɗu cikin biyar ba za su samu ba. Amfanin sanin haka shi ne a sa ido a kan ƙanne tun suna goye.

MAGANAR BAKIN KOGI

Sai mu dawo kan maganar Hajiya mahaifiyarka, Allah ya ƙara mata lafiya. Abin da ta taso ta ji ta faɗa, kuma tausayin jikanta ne ya sa. Ni ba zan yi jayayya a kan aljanu ba, wannan fagen malamai ne. Amma ka tambaye ta cikin ladabi: daga Auyo zuwa Guri, mata masu ciki nawa ne ke wanki da ɗiban ruwa a bakin kogi kullum, safe da rana? Ita kanta ba ta yi ba tana da cikinka? Kuma ga yara masu alamomin nan sak a gidajen bene na Kano da Abuja da Jidda, waɗanda iyayensu mata ba su taɓa taka bakin kogi ba. Ƙasar Katar ma, da babu kogi ko ɗaya a cikinta, ita ta kai shawara Majalisar Ɗinkin Duniya a 2007 aka ware ranar 2 ga Afrilu ta kowace shekara don wayar da kai a kan wannan lalura.

Ɗora wa uwa laifi ba mu kaɗai muka yi ba. A Amurka, daga wajen 1950 har bayan 1960, manyan masana sun yi ta cewa rashin ƙaunar uwa ne ke sa yaro ya zama haka, har ana raba yara da iyayensu mata. Wani masani da shi ma ɗansa ke da lalurar, Bernard Rimland, ya fito a 1964 ya kawo hujjar cewa abin a ƙwaƙwalwa yake, daga baya binciken tagwaye ya gaskata shi. Mata da yawa sun tsufa da baƙin cikin laifin da ba su yi ba. Kada mu maimaita wannan a Haɗeja.

ABUBUWAN DA KE ƘARA YIWUWARTA

Bayan gado, akwai abubuwan da aka ga suna ƙara yiwuwar samun lalurar, kuma kusan duk a lokacin ciki ne ko wajen haihuwa. Ku lura da kalmar: ƙarawa suke yi, ba wai duk wanda ya same su sai ya samu ba.

Akwai shekarun iyaye. Wani bincike na 2015 da ya duba yara fiye da miliyan biyar ya nuna 'ya'yan mazan da suka haura 50 sun fi samu a kan 'ya'yan masu shekara ashirin da wani abu. Haka 'ya'yan matan da suka haura 40, da na 'yan matan da ba su kai 20 ba. Amma ko a nan, mafi yawan 'ya'yan dattawa lafiyarsu ƙalau.

Akwai haihuwar bakwaini, da jariri mai ƙarancin nauyi sosai, da doguwar naƙudar da ta sa jariri ya fito bai yi kuka da wuri ba, da ciwon sukari a lokacin ciki. Akwai kwanika, watau samun ciki kafin na goye ya cika shekara: an ga ƙanen da aka samu haka ya fi yiwuwar samu. Akwai wani maganin farfaɗiya mai suna valproate, wanda aka tabbatar yana taɓa ɗan tayi. Matar da ke shan maganin farfaɗiya ta je ta ga likita kafin ta ɗauki ciki don a duba ko za a canza mata, amma kada ta daina sha da kanta, don faɗuwa da ciki ma hatsari ce babba. Akwai kuma rubela, wata cuta mai kama da ƙyanda mai sauƙi, wadda in ta kama mace a farkon ciki takan bar jariri da kurumta ko ciwon ido ko na zuciya. Bayan annobarta a Amurka a 1964, likita Stella Chess ta duba yara 243 da aka haifa da ita, ta sami masu otizim da yawa fiye da yadda aka saba gani.

A ɗaya gefen kuma, wani bincike a ƙasar Norway a 2013, a kan yara fiye da 85,000, ya nuna matan da suka sha folik asid tun kafin ɗaukar ciki zuwa farkonsa ba su cika haifar masu lalurar ba kamar waɗanda ba su sha ba. Folik asid su ne 'yan ƙananan ƙwayoyin nan da ake bayarwa tare da maganin ƙarin jini a wurin awo, waɗanda wasu mata ke zubawa a kwalla su manta.

ALLURAR RIGAKAFI FA?

Wasiƙa ta biyu daga wata 'yar kasuwa ce a Malam Madori. Ta ce jikanta yana cewa wasu kalmomi, da aka yi masa allurar ƙyanda ta biyu sai ya daina, yanzu ta hana a yi wa ƙanwarsa.

Hajiya, na fahimci tsoronki, amma ki saurare ni. Shamuwa takan zo gab da damina, amma ba ita ke kawo ruwa ba. Wajen ɗaya cikin huɗu na yaran nan sukan fara magana sannan su daina, kuma yawanci tsakanin wata 15 ne zuwa shekara biyu. A daidai wannan lokaci ne ake allurar ƙyanda ta biyu, a nan ne ake yaye, a nan ne haƙora ke damun yaro. Shi ya sa wata za ta ce allura ce, wani ya ce yaye ne kamar Malam na Kirikasamma, wata ta ce ya sha ciki. Lokaci ne kawai ya zo ɗaya. Ginin ƙwaƙwalwar ya riga ya faru tun a ciki, sai da lokacin magana da wasa ya zo sannan abin ya bayyana.

Ita wannan jita-jita tana da asali. A 1998 wani likita a Ingila, Andrew Wakefield, ya buga rahoto a kan yara 12 kacal yana zargin allurar. Da aka bincika aka tarar akwai maguɗi a aikin, kuma an biya shi kuɗi ta hannun lauyan da ke shirin kai masu yin allurar ƙara. A 2010 mujallar ta janye rahoton, hukumar likitocin Birtaniya ta soke lasisinsa. A 2019 aka buga binciken yara fiye da 650,000 a ƙasar Denmark, aka ga waɗanda aka yi wa allurar ba su fi waɗanda ba a yi wa ba samun otizim.

Mu kuma mun ga abin da jita-jita ta jawo mana a 2003, da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohin Arewa, cutar ta sake bazuwa ta gurgunta yara har a ƙasashen maƙwabta. Ƙyanda kuwa kin san ta, tana kisa, tana makantarwa. A watan Oktoba na 2025 Nijeriya ta fara ba da allurar da ta haɗa ƙyanda da rubela, wannan rubelar da na ambata a sama. Ke nan allurar ma toshe wata ƙofa take yi. Hajiya, ki kai ƙanwar a yi mata.

Kin kuma yi tambaya a kan farasitamol, saboda maganar da shugaban Amurka ya yi a watan Satumba na 2025. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu tabbatacciyar hujja a kan haka. Wani bincike a Sweden a 2024, a kan yara fiye da miliyan biyu, ya gwada 'yan uwa ciki ɗaya, wanda uwa ta sha a cikinsa da wanda ba ta sha ba, bai sami bambanci ba. A wurinmu nan da sauro ya yi yawa, barin mai ciki da zazzaɓi shi ne abin tsoro. Ta je asibiti a gwada jininta a ba ta magani.

AUREN ZUMUNCI DA MAGANIN FESHI

Wasiƙa ta uku daga Kafin Hausa take. Wani saurayi ne aka ba shi 'yar kawunsa, kuma akwai yaro mai irin wannan lalura a dangin, yana tambaya ko akwai gwajin jini kamar na sikila. Ɗan'uwana, babu gwajin jini ɗaya da ke nuna otizim kafin aure, domin sikila ƙwayar halitta ɗaya ce ke kawo ta, wannan kuwa da yawa ne. Gaskiya ne cewa in dangi suna auren juna hawa bayan hawa, ɓoyayyun ƙwayoyi iri ɗaya sun fi saurin haɗuwa, kuma wani bincike na 2008 a kan iyalai masu auren zumunci a Gabas ta Tsakiya da Turkiyya da Pakistan ya gano wasu irinsu masu alaƙa da otizim. Amma mafi yawan 'ya'yan auren zumunci lafiya suke. In yaro ɗaya ne a dangi, bai isa ya hana aure ba. In kuwa an sami biyu, uku, ko ana yawan haihuwar kurame da masu taɓuwar ƙwaƙwalwa, to ku je ku ga likita ku biyu kafin a sa rana.

Ta huɗu daga wani mai noman rani ne a Auyo, yana tambaya ko maganin feshi yana kawo ta. A jihar California ta Amurka, wani bincike na 2014 ya ga cewa matan da suka yi goyon ciki kusa da gonakin da ake fesa wasu magungunan ƙwari sun fi haifar yara masu lalurar. Wannan alama ce da aka gani, ba ta kai a ce shi ne sanadi kai tsaye ba. Amma Malam, guba guba ce. Yawancin magungunan ƙwarin nan jijiyoyin ƙwaro suke kamawa su kashe shi. Kada mai ciki ta shiga gonar tattasai ko tumatir da aka yi wa feshi a ranar, kada ta wanke kayan da ka yi feshi da su, kada a ajiye maganin a ɗakin kwana, kada a mai da robarsa ta zuba ruwan sha ko mai, kuma a daina zuba maganin gona a wake ko busasshen kifi ko fesa shi a ɗaki don sauro.

TO YANZU ME ZA A YI?

Malam na Kirikasamma, ga shawarata.

Na farko, ka kai shi Babban Asibitin Haɗeja ka nemi ganin likitan yara, ku je tare da uwarsa, don ita ta fi sanin labarinsa tun daga ciki. A fara da gwajin ji, saboda yara da yawa da ba sa magana kunne ne matsalarsu. In da buƙata za a tura ku Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ba a gane otizim da hoton kai ko gwajin jini, kallon yaro ake yi da tambayar iyaye.

Na biyu, ka riƙe sauran shinkafarka. Babu ƙwaya ko allura ko jiƙo da ke cire wannan lalura, duk wanda ya ce yana da shi a kwalba aljihunka yake so. Likita kan ba da magani ne don abin da ke biyo ta, kamar farfaɗiya ko rashin barci. Kada a kai shi wurin wanzami a yanke masa linzami ko beli, matsalar ba a harshe take ba. Kada a kulle shi a ɗaki da hayaƙi, kada a doke shi da sunan fitar da wani abu, kada a ɗaure shi. Addu'a kuwa ku ci gaba da yi masa, ba ta hana zuwa asibiti.

Na uku, wanda ya fi gaggawa a wurinmu: ruwa. Yaran nan suna da sulalewa daga gida, kuma da yawansu ruwa na jan hankalinsu, ga shi ba su san hatsari ba, kuma in an kira ba sa amsawa. Wani bincike na 2012 a Amurka ya nuna kusan rabinsu sun taɓa sulalewa, kuma nutsewa a ruwa na cikin manyan abubuwan da ke kashe su. Mu da muke zaune tsakanin kogi da tafkuna da magudanan ban ruwa da kududdufai, musamman daga Agusta zuwa Satumba in kogi ya cika, sai mu fi kowa kula. Ka sa sakata a sama inda hannunsa ba ya kai, a rufe rijiya, ka gaya wa maƙwabta da masunta da masu kwale-kwale su san shi. Ranar da aka neme shi ba a gani ba, a fara dubawa bakin ruwa kafin ko'ina.

Na huɗu, koyarwa. Sannu ba ta hana zuwa. A yi masa magana gajera, kalma ɗaya ko biyu, ana nuna abin: ruwa, tuwo, zo, zauna. In ya jawo hannunki zuwa randa, ki ce "ruwa", ki ɗan jira, sannan ki ba shi. A tsara masa yini iri ɗaya, don canji na tayar masa da hankali. A shiga wasan da yake so, in marafan kwalba ne a zauna a jera tare, daga nan a shigo da ƙirga da launi. A koya masa cin abinci da wanka da kewayawa mataki-mataki. A hana yara tsokanarsa, manya kuma su daina kiransa da sunan banza, yana ji ko bai amsa ba. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda aka sa wa hannu a watan Janairu na 2019, ta ba shi haƙƙin ilimi kamar kowane yaro.

Ni kaina ina da abin da nake nadama. Lokacin ina koyarwa a wata firamare ta ƙauye, akwai yaro a ajina da ba ya kallona in ina masa magana. Na ɗauka raini ne, na sha zane shi. Sai daga baya na lura duk lissafin da na rubuta a allo ya riga kowa gamawa. Da na san abin da na sani yau, da bulalar nan ba ta taɓa shi ba. Malamai 'yan'uwana, a kula.

Bari in rufe da labarin yaro na farko cikin 11 ɗin nan na likita Kanner, mai suna Donald Triplett, wanda aka haifa a 1933 a wani ƙaramin gari a jihar Mississippi. Yana wajen shekara tara aka kai shi zama wurin wani manomi da matarsa. Suka lura ba abin da yake so kamar ƙirga da awo. Ba su hana shi ba. Sai suka sa shi haƙa rijiya yana faɗin zurfinta, suka bar shi yana ƙirga layukan masara amma yana nome su. Ya girma ya yi karatu, ya yi aikin banki, ya tuƙa mota, mutanen garinsu suka riƙe shi nasu, ya rasu a 2023 yana da shekara 89. Ba kowane yaro ne zai kai haka ba, wasu za su buƙaci kulawa har ƙarshen rayuwarsu. Amma kowannensu yana gaba in an riƙe shi da haƙuri, kuma babu mai wannan haƙuri kamar uwar da ta haife shi. Ka raba shi da ita, ka raba shi da babbar malamarsa.

Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ka zauna da Hajiya ka karanta mata wannan shafi, in da hali ka roƙi limamin garinku ya taya ka yi mata bayani. Ka kuma rubuto mana bayan kun dawo daga asibiti mu ji yadda ake ciki.

Jama'a, a nan za mu dakata. A ci gaba da aiko da wasiƙu, matambayi ba ya ɓata. Allah ya raya mana zuriya, ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu daga ambaliya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.